Yadda Kujerun Gidanmu Suka Ƙara Tsawo

Zuwa ga ƙanina Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yaranku uku. Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, ya dawo mana da kai muna raye. Mu nan sai godiya. Gwiwar Mama tana nan yadda ka san ta, yau ta kwanta gobe ta tashi, amma bakinta lafiyarsa ƙalau, don shekaranjiya ta yi wa mai gyaran famfo faɗan da ya sa ya tafi ya manta sifanarsa a banɗaki. Maigidana an dawo da shi ofishin da ke kusa da gida, yanzu ba ni da sakat, rana tsaka sai in gan shi a kaina yana tambayar me aka dafa. Babbar 'yata ta gama karatunta lafiya. Ƙaramar kuwa ta ce ita ɗinki ba sana'ar zamani ba ce, alhali duk rigar da take yanga da ita daga kekena ta fito.

Na san za ka ce me ya kawo takarda ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne, a waya kai ne mai magana, ni "to" da "haka ne" kawai ake bar mini. Tun kana ƙarami haka kake, in ka ɗauko zance sai ka dire shi, yanzu kuma da ka zama shugaba a wurin aiki abin ya ƙara gaba. Takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta. Ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya, domin na yi abin da ka hana: na buɗe shagon Baba, na miƙa masa makullin da ka damƙa mini amana. Ban yi don na raina ka ba. Na yi ne saboda ranar allurarsa ta zo ta wuce bai je ba, ya kuma ce shi da allurar nan sun yi hannun riga.

Ka tuna shekara ɗaya da rabi ke nan da likitoci suka gano masa ciwon daji a ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsara da maza kaɗai ke da shi, suka ce ba sai an yi masa aiki ba, allura za a riƙa yi duk bayan wata uku. Ka zo ka yi kwana goma, ka tsara komai yadda ka saba, ka ce mai shekara saba'in da huɗu ba shi da sauran hulɗa da zarto da guduma, ka sa aka kulle shagon kafintancin. Wallahi a ranar har addu'a na yi maka, don abin da ni ma nake so ke nan na rasa bakin faɗa. Duk mun ɗauka hutu shi ne rabin magani. Daga nan muka bi bawan Allah muka ƙwace masa komai. Ya ɗauki buta, a karɓe. Ya ja kujera, a ce bari, Baba. Ya ce zai leƙa bakin titi ya sayo burodi, a ce zauna, an riga an tafi. Har kwalba Mama ba ta bari ya buɗe, ita da da can komai ya ƙi buɗuwa a gidan nan shi take miƙa wa ba tare da ta dube shi ba.

Ni na fara ganin canji, kuma ba don na fi kowa lura ba, sai don tela ce. Shekara ashirin da wani abu ina yi wa Baba ɗinki, awonsa a kaina yake. Wata shida da fara allurar na zo gwada masa riga, sai na ga hannun rigar yana lilo a damtsensa, damtsen nan da muke rataya a jikinsa mu biyu ya ɗaga mu lokaci ɗaya muna yara. Wando kuma ya yi masa yawa a cinya, amma ya matse shi a ƙugu. Na rage hannu, na saki ƙugu. Da na yi wa Mama maganar sai ta ce ai sikelin asibiti bai nuna ya rame ba, har ƙaruwa ya yi. Haka ne kuwa, nauyinsa bai ragu ba. Na bar zancen a nan, na ce ko idona ne ya fara tsufa.

Sai kuma maganar kujeru. Ka san kujerun katakon nan shida na falo da ya yi da hannunsa tun kafin a haife ka. Wata rana na zauna a ɗaya ina cire zare daga bakin zane, sai na ji dugadugaina ba sa taɓa ƙasa. Na san ni gajeruwa ce, ba sai ka tuna mini ba, amma shekara arba'in ina zama a kujerar nan ƙafata na ƙasa. Na ciro tef ɗin awo daga wuyana na auna, na kifa kujerar na duba. Ashe an ƙara wa kowace ƙafa guntun katako, an haɗa da gam da ƙusa, an goge da samfefa, an shafa fenti kala ɗaya, sai ka ƙura ido za ka ga layin. Kuma ba sau ɗaya aka yi ba, layi uku na ƙirga, inci ɗaya-ɗaya. Na duba gadonsa, shi ma an ɗaga. Bencin ƙofar gida ma haka. Ashe Baba ya ɓoye ƙaramin zarto da guntayen katako a ɗakin ajiya, duk ranar da Mama ta fita unguwa sai ya ƙara wa kujerun tsawo, domin ya fara kasa tashi daga wuri mai ƙasa-ƙasa, kuma ba ya so a sani. Duka shidan ya ƙara wa, don kada tasa ta fita daban a gane. Na mayar da kujerar yadda take, na shiga kicin na yi kukana.

Kuskuren da na yi shi ne na gaya maka a waya. Kai kuma, Allah ya saka maka da alheri, ba a yi wata ba sai ga mota ta sauke kujerar lantarkin nan mai madanni, wadda ke kwantar da mutum ta kuma miƙar da shi tsaye ba tare da ya yi yunƙuri ba. Maƙwabta har sallama suke yi su ga yadda take aiki. Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce wanda ya yi ta bai san katako ba amma ya san ƙarfe. Ya zauna. Dogo, wata huɗu cur mutumin nan bai tashi da ƙarfin cinyarsa ba. A cikinta yake cin abinci, a cikinta yake salla, a cikinta yake gyangyaɗin rana. Mu kuwa muna ta murna ya samu hutu. Abin dariya ɗaya da ya rage a gidan shi ne faɗan fanka. Allurar tana sa masa wani zafi da ke taso masa daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo masa ko ana sanyi. Ni ma da na haura hamsin irinsa nake fama da shi, sai mu haɗu a falo kowa na jan fankar wajensa. Mama ta ce masa yanzu ya ɗanɗana, shi da ya taɓa ce mata raki ne a lokacin da take nata.

Abin da ya karya masa zuciya ya faru ne wata Talata da rana. Ya ce wa Mama ya gaji da salla a zaune kamar wanda ke jiran mota, yau goshinsa sai ya taɓa ƙasa. Ya shimfiɗa darduma ya yi azahar ɗinsa a ƙasa, ya idar, ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya dafa bango, ya ja jiki zuwa gefen gado, ya gwada ta dama ya gwada ta hagu. Mama ta zo ta kama hammatarsa ta ja iya ƙarfinta, sai ita ma ta zame ta zauna daɓas a gefensa, gwiwarta ta ƙi ba ta haɗin kai. Wayarta tana kicin. Ya hana ta ɗaga murya ta kira maƙwabta, ya ce wanda ya yi wa rabin layin nan ƙofofi ba za a zo a kwashe shi daga ƙasa kamar buhu ba. Haka na shigo wajen la'asar da ledar magani, na tarar da su biyu a ƙasa sun jingina da gado, ta riƙe hannunsa. Mama ta ce mini hira suke yi. Sai da na kawo kujera ya dafa, na tallafe shi ta baya, sannan ya miƙe. Bai dube ni ba, kuma ranar bai ci abinci ba.

Sati biyu bayan haka ranar allura ta zo, ya ce an bugo masa waya an ɗaga. Na yarda, don ban taɓa kama Baba da ƙarya ba. Sai da ma'aikaciyar asibitin ta kira ni tana tambayar ko lafiya ba a gan mu ba, sannan na gane ba wanda ya ɗaga ranar. Da na tunkare shi bai yi musu ba. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya lura da jikinsa: kafin allurar nan shi kaɗai yake ɗaukar ƙofa ya kafa, yanzu butar shayi sai da hannu biyu. Ya ce ciwon bai taɓa kayar da shi ƙasa ba, maganin ne ya kayar da shi, don haka a bar shi da ciwonsa. Ana cikin haka Mama ta ciro wani ɗan kwali daga aljihun rigarsa da za ta wanke. Ashe mai facin taya na bakin titi, wanda yake ɗaga ƙarfe da ƙuruciyarsa, shi ya samo masa wani magani da masu son ƙwanji ke amfani da shi, ya ce sati uku zai mayar da shi saurayi. Allah ya taimake mu bai buɗe ba. Kada ka kira mutumin ka zage shi, don na san halinka. Tausayin Baba ne ya sa shi, kuma Mama ta riga ta yi masa wankin babban bargo.

Da ƙyar na shawo kansa ya bi ni asibiti, bisa alkawarin magana kawai za a yi, ba mai taɓa shi da allura. Na ajiye kwalin a gaban likita. Ya juya shi, ya cire tabarau, ya ce da Baba ya sha wannan, da ya zuba wa wuta fetur. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba zancen da ya kamata ya shiga tsakanin ya da ƙani ba ne, ni ma a ɗakin ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, amma kunya ba ta da wuri a nan. Likita ya ce jikin namiji yana yin wani sinadari ya zuba cikin jini, shi ne mai sa murya ta yi kauri da gemu ya fito, kuma shi ne abincin ciwon da ke jikin Baba. Aikin allurar shi ne ta hana jiki yin sinadarin, don ciwon ya ji yunwa ya lafa. Kwalin mai faci kuwa sinadarin ne tsagwaronsa. Matsalar ita ce ba ciwon kaɗai ke sauraron wannan sinadari ba. Tsokar jiki ma tana da inda take karɓar saƙonsa, kuma saƙon shi ne ta gina kanta, ta gyara inda ya lalace. Ya ce ko ba allura, sinadarin yana raguwa a jikin kowane namiji sannu a hankali da shekaru, shi ya sa tsofaffi ke saki. Abin da allurar ta yi shi ne ta tattaro ragin shekaru masu yawa ta sauke wa Baba cikin 'yan watanni. Inda tsoka ta janye kuma kitse ke shiga, shi ya sa sikeli bai nuna komai ba. Ya dubi Baba ya ce abin da ya lura da shi gaskiya ne, ba raki ba ne. Na ga kafaɗun Baba sun ɗan sauka, don tun da aka fara ba wanda ya taɓa ce masa yana da gaskiya.

Daga nan ya tura mu sashen gashin ƙashi, wajen wata mata gajeruwa mai kakkausar murya, wadda Baba ya raɗa wa suna Sajan tun kafin mu fito. Ta ajiye masa kujera, ta ce ya rungume hannuwansa a ƙirji ya tashi ya zauna sau biyar. Ya yi ɗaya da ƙyar, na biyu ya tsaya a hanya. Ta ba shi wani abu ya matse da hannu, ta rubuta. Sannan ta juyo ta tambaye ni me yake yi daga safe zuwa yamma. Ni kuma, baiwar Allah, na gyara zama na fara jero mata da alfahari: ba ma barinsa ya ɗauki ko cokali, an rufe shagonsa, ɗansa ya aiko masa da kujera mai tayar da shi da kanta. Ina jira ta ce sannunku da ƙoƙari. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce: "Tsoka masu kawo mata saƙo biyu ne, sinadari da aiki. Allura ta rufe bakin ɗaya don a ceci ransa. Ku kuma kun rufe bakin ɗayan don kuna son sa."

Dogo, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ba ta rarrashe ni ba, ta miƙo mini takardar share fuska ta ci gaba da bayani. Ta ce tsoka ba ta zama a banza, in ba a neme ta ba sai jiki ya ɗauka ba a bukatarta ya rage ta. Ta ce wadda ke fara tafiya ita ce mai saurin yunƙuri, wadda ke tayar da mutum daga zaune ko ta tare shi in ya yi tuntuɓe. Amma ko babu sinadarin, in aka ɗora wa tsoka nauyi daidai ƙarfinta, aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, tana amsawa, ko mutum ya kai tamanin. Ba ta yi mana alkawarin zai koma yadda yake ba, ta ce wannan ba mai iya ba shi, kuma akwai abubuwa da yawa da su kansu masana ba su gama ganewa ba. Abin da take nema masa shi ne ya tashi daga ƙasa da kansa. Sai Baba ya ce ai wannan kamar shago ne, in oda ta daina shigowa ma'aikata watsewa suke yi. Ta ce ta shekara goma sha biyar tana wannan bayani ba ta taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba. Ka ga yadda ya gyara hularsa.

Ni ma ban tsira ba. Ta tambayi shekaruna, ta ce in hau kujerar. Na ce ni rakiya na zo. Ta ce mata ma suna da nasu sinadarin da tsoka da ƙashi ke saurare, kuma namu ba a hankali yake raguwa ba, in al'ada ta ɗauke faɗuwa yake yi cikin 'yan shekaru, shi ya sa mace za ta ga tulun da take ɗauka bara ya gagare ta bana, ta ce ko aljanu ne. Na yi biyar ɗin, amma ina haki kamar na yi tsere, Baba yana ƙirga mini da ƙarfi yana jin daɗi. Da na ce ai ina taka keken ɗinki wuni guda, sai ta tambaya ko keken na lantarki ne. Dole na ce e, don shekara shida ke nan da na sa masa injin lantarki. Ta ce in kawo Mama ita ma, kuma duk mu uku mu riƙa samun ƙwai ko wake ko kifi ko madara a kowane cin abinci, ba shayi da burodi kawai ba.

A hanyar dawowa Baba ya yanke mini sharaɗi, ya ce makulli a hannunsa, allura a jikinsa. Ban tsaya neman izininka ba, don na san za ka ce a bari ka yi tunani, alhali an riga an makara da sati uku. Washegari aka yi allurar, da gari ya sake wayewa muka buɗe shago. Ƙura ta rufe komai, tsatsa ta fara cin zartuna. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in miƙo masa tsintsiya, na kusa cewa bari in share, na kama bakina. Sajan ta zo da kanta ta duba shagon, ta hana shi injin yanka da hawa tsani, ta yarda da zarton hannu da samfefa da ɗaukar katako daidai misali. Ta ɗora masa tashi da zama sau goma, safe da rana da yamma, a kan kujerarsa ta katako. Da ta ji labarin ƙafafun kujerun sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce shi ke nan ya hutar da ita, duk lokacin da goman ta yi masa sauƙi ya yanke inci ɗaya. Sati bakwai ke nan yanzu, ya yanke na farko ranar Lahadi. Ya kira ni da Mama muka tsaya shaida, ya ajiye guntayen huɗu a kan taga. Har yanzu bai iya tashi daga ƙasa ba sai ya dafa abu, kuma akwai ranakun da gajiya ke hana shi fita ko ƙofar ɗaki. Gwajin jinin da aka yi bayan jinkirin ya ɗan motsa, likita ya ce ba abin tayar da hankali ba ne, amma kada a sake tsallake ko sau ɗaya.

To ga inda kai ka shigo. Duk ranar Juma'a da kake kiran waya mai hoto, ka san me ke faruwa a nan? Tun da hantsi Baba yake rufe shago, ya wanke hannu, ya kakkaɓe garin katako daga gemunsa, ya sa Mama ta duba bayan kunnensa, ya je ya kwanta a kujerarka ya ja bargo, don ka gan shi yana hutawa ranka ya yi daɗi. Ya ce ka yi ɗawainiya, ba zai so ka ga kamar an watsa maka ƙasa a ido ba. Kai kuma sai ka ce madalla, Baba, a ci gaba da hutawa, kada a taɓa komai. Makon jiya ka ce masa kana tunanin a ba da hayar shagon tunda ba amfaninsa. Ranar Asabar bai yi tashi da zamansa ba, ya ce mini ba ya jin allura ta gaba za ta yiwu, don bai ga amfanin a tsawaita wa mutum kwana a kan kujera ba. Ban ga laifinka ba, ba ka sani ba ne, mu muka ɓoye maka. Na kuma san abin da ke cin ka: kana nesa, ba ka da abin da za ka yi masa sai aike da umarni, kuma tsoro kake ji kada a bugo maka waya wata rana. Ni ma tsoron nake ji, ina kusa ma ke nan.

Akwai kuma abin da makulli bai gyara ba. Kusan shekara ɗaya da rabi shago na rufe, masu kawo aiki duk sun koma wani wuri, waɗanda suka rage kuma in sun leƙo sai su ce sannu, Baba, Allah ya ƙara sauƙi, su wuce da karyayyiyar kujerarsu zuwa wajen wani, wai kada su wahalar da shi. Jiya na kai masa abincin rana na tarar yana goge wani guntun katako da ya riga ya yi santsi tun shekaranjiya. Na tambaye shi me za a yi da shi, ya ce ba komai. Ya ajiye, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya ce: "Kowa ya gan ni sai ya ce ya jiki. Tun da aka fara allurar nan, ko mutum ɗaya bai ce mini Baba, yi mini kaza ba."

Don haka ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi. In ka kira ranar Juma'a, kada ka tambaye shi jiki. Ka ce masa ka san komai, ka kuma janye maganar haya. Sannan ka ba shi aiki. Ka ce kana son teburi, ko akwatin littattafai, ko ƙofa, duk abin da ka ga dama, amma ya zama babba mai cin watanni, na katako mai nauyi. Ka faɗa masa tsawo da faɗi, ka yi masa gardama a kan kala, ka sa masa ranar da kake so a gama, in ya makara ka yi ƙorafi kamar kowane mai kawo aiki. Kada ka ce in ya samu dama, kada ka ce a hankali. Ni na gwada, na ce ya yi mini teburin yanka, ya ce tausayi ne, ya san ina da biyu. Kai ne ka ce ya gama aiki, daga bakinka kawai zai yarda cewa bai gama ba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce mata ta tsaya a kanka har ka karanta takardar nan sau biyu. Ka shafa mini kan Babban Yaya da Mai Dariya da 'yar autarku Takwarata, Allah ya raya su. Mama tana gaishe ku, ta ce in gaya maka ita ma Sajan ta ɗora mata ɗaga gorar ruwa, kuma ba ta yafe wa kowa ba. Maigidana da 'yan matana suna miƙo gaisuwa, haka Kawu da Gwaggo ta bayan layi. Baba bai san na rubuto ba. Allura ta gaba ranar sha bakwai ga watan gobe ce, da ƙarfe tara na safe. Ni zan shirya tun bakwai in zauna a falo da mayafina, amma ba ni da ƙarfin ɗaga shi in bai tashi da kansa ba.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka, Mai Keke